Amanar Masu Ƙidaya da Sirrin Waɗanda Aka Ƙidaya

Kowace gwamnati tana tattara bayanan jama'arta. Ma'aikacin ƙidaya kan shiga gida ya tambayi yawan masu kwana a ciki, da shekarunsu, da sana'arsu, da zurfin karatunsu. Asibitoci suna rubuta cututtukan da ake zuwa da su. Hukumomin ƙididdiga suna tambayar 'yan kasuwa cinikinsu da albashin ma'aikatansu. Daga waɗannan amsoshi ake fitar da alƙaluman da ake raba kujerun majalisa da su, ake kasafta kuɗi, ake zaɓen inda za a gina makaranta ko a haƙa rijiyar burtsatse. Nauyi biyu ne ke kan mai wannan aiki: dole ya bayyana alƙaluman ga kowa, kuma dole ya rufa asirin mutumin da ya ba da amsar.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan amana cikin ƙa'idoji goma na ƙididdigar hukuma, waɗanda kwamitinta na ƙididdiga ya amince da su a 1994, babban zauren majalisar kuma ya tabbatar da su a 2014. Ƙa'ida ta shida ta ce bayanin da aka karɓa daga mutum ko kamfani domin ƙididdiga sirri ne, kuma ba a amfani da shi sai don ƙididdiga kawai. Ba a miƙa shi ga mai karɓar haraji, ko ɗan sanda, ko jami'in shige da fice. Dalilin a fili yake. Magidancin da ke tsoron amsarsa za ta koma hannun mai haraji zai rage yawan shanunsa, wanda ke zaune ba takarda zai ɓuya ranar ƙidaya. Idan tsoro ya shiga, ƙarya ta shiga, kuma alƙaluman da aka gina kan ƙarya ba su da amfani ga kowa.

Tarihi ya nuna cewa tsoron yana da tushe. Ƙasar Holand tana da rajistar jama'a mai tsari ƙwarai, wadda ta ƙunshi addinin kowane mutum. Da sojojin Jamus na Nazi suka mamaye ƙasar a 1940, rajistar ta sauƙaƙa musu zaƙulo Yahudawa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar sun halaka. A watan Maris na 1943 sai da 'yan gwagwarmaya suka kai hari ofishin rajista na Amsterdam don ƙona takardun. A Amurka ma, dokar ikon yaƙi ta 1942 ta ɗage kariyar da ke kan bayanan ƙidaya. Hukumar ƙidayar ƙasar ta ba da alƙaluman unguwannin da 'yan asalin Japan suke zaune, a lokacin da aka tsare kimanin mutum 120,000 daga cikinsu a sansanoni. A 2007 masu bincike biyu, Margo Anderson da William Seltzer, suka gano takardun da ke nuna cewa a 1943 hukumar ta miƙa har da sunaye da adireshin wasu da ke yankin birnin Washington.

Katanga ta farko da aka gina bayan irin waɗannan abubuwa ita ce doka. A Amurka, duk ma'aikacin hukumar ƙidaya yana yin rantsuwar riƙe sirri har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya karya ta na iya fuskantar ɗaurin shekara biyar, ko tarar dala 250,000, ko duka biyun. Takardun amsoshin mutane kuma ba a buɗe su sai bayan shekara 72, shi ya sa na ƙidayar 1950 ba su fito ba sai a watan Afrilun 2022. A Jamus ta Yamma, kotun tsarin mulki ta dakatar da ƙidayar 1983, sannan a watan Disamba na shekarar ta yanke cewa kowane mutum yana da haƙƙin iko da bayanan da suka shafe shi. Kotun ta ƙi yarda a yi amfani da amsoshin ƙidaya wajen gyara rajistar mazauna gari. Sai a 1987 aka yi ƙidayar, bayan an sake dokar.

Sai dai doka tana ɗaure hannun ma'aikaci ne kawai, ba ta hana mutumin waje ya haɗa alƙaluman da aka riga aka buga ya gano mai su. An daɗe ana ɗauka cewa cire suna da adireshi ya wadatar, har sai da Latanya Sweeney, tana ɗalibar babban digiri a jami'ar MIT, ta rushe wannan zato a 1997. Wata hukumar inshora ta jihar Massachusetts ta raba wa masu bincike bayanan asibiti na ma'aikatan jihar bayan ta goge sunaye. Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge kan dala 20, ta jera takardun biyu. Mutum shida ne a birnin suka haɗa ranar haihuwa da gwamnan jihar na lokacin, William Weld. Uku daga ciki maza ne, kuma shi kaɗai ne ke zaune a lambar gidan waya ta unguwarsa. Ta haka ta fito da takardun jinyar gwamna. Daga baya ta ƙiyasta cewa ana iya ware kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa da abu uku kacal: ranar haihuwa, jinsi, da lambar unguwa.

Masana ƙididdiga suna da tsofaffin dabarun toshe irin wannan ɓaraka. Idan rukuni ya ƙunshi mutum biyu ko uku kawai, akan ɓoye adadin, a kuma ɓoye wani na kusa da shi don kada a gano na farkon ta hanyar ɗebewa daga jimla. Akan haɗa shekaru rukuni-rukuni. Akan dunƙule manyan masu kuɗi a aji ɗaya, domin attajirin ƙauye ba ya ɓuya a jadawali. Daga ƙidayar 1990 zuwa ta 2010, Amurka ta riƙa musanya bayanan wasu gidaje masu kama da juna tsakanin unguwanni, ba tare da ta faɗi yawan gidajen da ta musanya ba.

Ƙarfin kwamfuta ya raunana waɗannan dabaru. A 2003 Irit Dinur da Kobbi Nissim suka tabbatar da lissafi cewa duk wanda ya buga amsoshi masu yawa kuma daidai daga rumbun bayanai ɗaya, a ƙarshe zai tona abin da ke cikin rumbun. Idan aka san unguwa tana da mutum bakwai, aka san matsakaicin shekarunsu, da na matan cikinsu, da na ma'aurata, to hanyoyin da shekarun kowa za su iya kasancewa suna raguwa da kowane sabon adadi, har su koma ɗaya. Hukumar ƙidayar Amurka ta gwada hakan a kan alƙaluman da ita kanta ta buga daga ƙidayar 2010, ta mutum miliyan 308 da ɗoriya. Ta sake gina bayanan ɗaiɗaikun mutane daga jadawali kawai, ta haɗa su da bayanan da kamfanoni ke sayarwa, ta tabbatar da sunayen kimanin mutum miliyan 52, wato kashi 17 cikin ɗari na al'ummar ƙasar.

Wannan sakamako ya sa hukumar ta ɗauki sabuwar hanya a ƙidayar 2020, wato dabarar sirri mai awo, wadda Cynthia Dwork da abokan aikinta uku suka shimfiɗa a 2006. Kafin a buga adadi, kwamfuta kan ƙara ko ta rage wani ɗan abu a kansa bisa ƙuri'a, ta yadda sakamakon zai kasance kusan iri ɗaya ko bayanin wani mutum yana ciki ko ba ya ciki. Wannan ƙari kamar gishiri yake: ɗan tsunkule ba ya canza babbar tukunya, amma a ƙaramin kwano nan take a ji shi. Birni mai mutum miliyan ba ya girgiza don an ƙara masa biyar, amma unguwa mai mutum ashirin tana canza kama. Ana auna yawan sirrin da aka sadaukar da wata lamba mai suna efsilon. Idan ta yi ƙasa, sirri ya ƙaru, daidaito ya ragu. Idan ta yi sama, akasin haka. Jimlar mutanen kowace jiha dai ba a taɓa ta ba, domin da ita ake raba kujerun majalisar wakilai.

Matakin ya raba kan masana. A watan Oktoban 2019 hukumar ta fitar da alƙaluman gwaji, inda ta yi amfani da sabuwar dabarar a kan bayanan 2010 don kowa ya kwatanta. Masu nazarin yawan jama'a, da masu tsara birane, da shugabannin ƙabilun asali na ƙasar suka nuna cewa ƙananan garuruwa ne suka fi cutuwa, alhali kasonsu na kuɗi ya dogara da adadin. Jihar Alabama ta kai ƙara a watan Maris na 2021, amma kotu ta ƙi dakatar da aikin. Hukumar ta saurari ƙorafin, ta ɗaga efsilon zuwa 19.61, sannan ta fitar da alƙaluman shata mazaɓu a watan Agustan 2021. Wasu masana suka ce an sassauta kariyar da yawa, wasu suka ce har yanzu alƙaluman ƙananan yankuna ba abin dogaro ba ne. Ribar muhawarar ita ce an yi ta a bainar jama'a, kuma an bayyana yadda dabarar ke aiki, saɓanin tsohuwar musanya da ake ɓoye ma'auninta.

Ƙungiyoyin masu wannan sana'a ne dandalin irin wannan muhawara. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta kafu a 1834, ta Amurka a 1839, cibiyar ƙididdiga ta ƙasa da ƙasa kuma a 1885. Wannan cibiya ta fitar da kundin ɗa'ar sana'a a 1985, ta sabunta shi a 2010, kuma kare waɗanda aka karɓi bayanansu yana cikin ginshiƙansa. A tarukansu da mujallunsu ake gwada sababbin hanyoyi. Akwai ɗakunan bincike masu tsaro, inda mai bincike da aka tantance zai zauna ya yi aiki da cikakkun bayanai, amma ba zai fita da komai ba sai an duba shi. Akwai kuma bayanan kwaikwayo, waɗanda kwamfuta ke ƙirƙira da siffar na gaske ba tare da mutum na gaske ko ɗaya a ciki ba.

Afirka ba ta wajen wannan batu. Yarjejeniyar ƙididdiga da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2009 ta tanadi kare bayanan ɗaiɗaikun mutane, kuma kowace ranar 18 ga Nuwamba ake bikin ranar ƙididdiga ta nahiyar. A Najeriya, dokar ƙididdiga ta 2007 ta ɗora wa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa riƙe sirrin masu ba ta amsa, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta kafa hukuma ta musamman don sa ido. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140, kuma ba a tambayi addini ko ƙabila a cikinta ba saboda tsamin da batun ke da shi. Ƙidayar da aka shirya yi da na'urorin hannu a 2023 an ɗage ta. Duk ranar da aka yi ta, za a tattara amsoshi haɗe da taswirar wurin da kowane gini yake, kuma irin wannan bayani ya fi na takarda saurin kwafuwa da saurin haɗuwa da wasu rumbunan, kamar na lambar shaidar ɗan ƙasa da na layukan waya.

Kare sirri a alƙaluman gwamnati yana tsaye kan abu huɗu. Doka ce da za ta raba rumbun ƙididdiga da na haraji da na tsaro, ba tare da ƙofar da za a buɗe ranar tashin hankali ba. Ƙwarewa ce da za ta gwada kowane jadawali kafin a buga shi. Gaskiya ce wajen faɗa wa jama'a yawan daidaiton da aka sadaukar da dalilin yin hakan. Sannan ma'aikata ne masu 'yancin ƙin miƙa sunan kowa, ko da umarnin ya fito daga sama. Inda ɗaya ya ɓace, mutane sukan daina faɗin gaskiya ga mai ƙidaya, kuma gwamnati kan wayi gari tana tsara makarantu da asibitoci bisa adadin da bai dace da mutanen da ke ƙasa ba.