Mai Sayen Katin Hoto Ya Duba Rumbu Kafin Ya Duba Suna

Duk wanda ya ratsa kasuwar Computer Village da ke Ikeja ran Asabar ba zai rasa ganin samari tsaye a bakin shaguna ba, kowa da 'yar takardarsa a hannu, suna lissafin kayan da za su harhaɗa kwamfutar wasanni da su. Ba a rasa 'ya'yan Hausawan Agege da Idi-Araba a cikinsu. Waɗansu sun shekara suna tari, waɗansu kuwa sai da suka sayar da waya ko babur kafin kuɗin ya cika. To, a cikin kayan nan duka akwai guda ɗaya wanda yakan cinye sulusin kuɗin, wani lokaci har rabi, watau katin hoto, kuma a kansa ne aka fi yin da-na-sani.

Aikin katin nan shi ne zana abin da ido ke gani a kan allo. Allon da aka fi amfani da shi, wanda ake kira 1080p, yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla ɗigo 2,073,600. Idan ana so wasa ya tafi sumul ba tare da cijewa ba, tilas kati ya sāke zana hoton nan sau 60 a kowace daƙiƙa, watau ya lissafa launin ɗigo fiye da miliyan 124 a cikin daƙiƙa ɗaya tak. Kamfanoni uku ne ke ƙera ƙwaƙwalwar katunan nan: Nvidia, wanda ya fitar da GeForce 256 a 1999, da AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006, sai Intel, wanda ya shigo fagen da katunan Arc a 2022. Su Asus da MSI da Gigabyte da Sapphire kuwa saye suke yi daga waɗannan, su ɗora fanka da murfi, su sa a kwali.

Tambayar farko ba ta kati ba ce, ta allo ce. Allon 1440p yana da ɗigo 3,686,400, na 4K kuwa 8,294,400, ninki huɗu ke nan na 1080p. Wanda allonsa 1080p ne, kuma abin da ya dame shi bai wuce ƙwallon EA Sports FC da abokai ba, in ya sayi kati na sama ya zama kamar mai ɗaukar tirela don kai buhun gero ɗaya kasuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen suna. Mai shago zai ɗauko kwali mai walƙiya ya ce, "Maigida, wannan shi ake yayi," saurayi kuma ya ga lamba babba a jiki ya miƙa kuɗi. Alhali kuwa kamfanonin da kansu sun sha nuna cewa suna ba abin dogaro ba ne. A 2014 Nvidia ya fitar da GTX 970 a kan cewa yana da rumbu mai gigabayit 4, sai a farkon 2015 masu bincike suka gano cewa 3.5 ne kawai ke aiki da cikakken sauri, ragowar rabin kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Magana ta kai kotu a Amurka, a 2016 kamfanin ya yarda ya biya kowane mai saye dala 30. A 2022 kuma ya sanar da katuna biyu masu suna ɗaya, RTX 4080, alhali ƙaramin bai kama ƙafar babban ba. Da surutu ya yi yawa sai ya janye shi, ya komo da shi a Janairun 2023 da sunan RTX 4070 Ti, ya kuma rage dala 100 a kuɗinsa. Har ila yau a ƙarshen 2022 an fitar da RTX 3060 mai gigabayit 8, wanda sunansa ɗaya da na asali mai gigabayit 12, amma hanyar da bayanai ke bi a cikinsa ta fi ƙunci, saboda haka bai kai shi gudu ba. Kwali ɗaya, suna ɗaya, kaya daban.

Haka nan a Janairun 2025, a wajen bikin baje kolin CES a Las Vegas, shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya shaida wa duniya cewa RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090, katin da aka fitar a 2022 a kan dala 1,599. Da katin ya shiga hannun masu gwaji sai ta bayyana cewa maganar ta dogara ne a kan wata dabara, inda kati ke ƙirƙiro hotuna na cike gurbi tsakanin hotunan gaske. Dabarar tana da amfaninta, ba a musu, amma wanda ya saya da zaton ya sami 4090 a araha lalle ya yi cinikin biri a sama.

Abin da ya kamata mai saye ya sa wa ido shi ne rumbun katin, wanda 'yan kasuwa ke kira VRAM. A nan ne kati ke ajiye zanen bango da fuskoki da tufafi da duk abin da wasa zai nuna, domin ya ɗauko su nan take. Idan rumbu ya cika, tilas kati ya riƙa aikawa can cikin kwamfuta neman abin da ya rage, sa'an nan sai a ga hoto yana cijewa, ko bango ya zama dishi-dishi kamar an shafe shi da laka. Tun 2017 katin RX 580 na dala 229 yake da gigabayit 8. Wasanni sun yi ta ƙara nauyi, har a 2023 irin su Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I suka nuna cewa 8 ta fara kasawa idan aka ƙure kyawun hoto. Duk da haka RTX 4060 na 2023 da RTX 5060 na 2025, kowannensu a kan dala 299, da gigabayit 8 suka fito. Shekara takwas ke nan ana auna wa masu ƙaramin ƙarfi da mudu ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, katuna biyu na 2025 sun zo iri biyu-biyu. RTX 5060 Ti akwai mai gigabayit 8 a dala 379, akwai mai 16 a dala 429. RX 9060 XT na AMD shi ma akwai mai 8 a dala 299, da mai 16 a dala 349. Bambancin dala 50 ne, kuma ita ce dala 50 mafi daraja a cikin lissafin kwamfutar duka, domin kuwa rumbun kati a like yake da dalma, ba a ƙara shi daga baya kamar yadda ake ƙara wa kwamfuta nata. Wanda kuɗinsa bai cika ba gara ya haƙura wata biyu ya cika, ko ya rage a wajen fitilu masu launi da akwatin gilashi. Akwai kuma Arc B580 na Intel, wanda ya fito a Disambar 2024 da gigabayit 12 a kan dala 249, sai dai ba ya sakin jiki a tsohuwar kwamfuta wadda ba ta da tsarin nan da ake kira Resizable BAR. Amma fa kada a ɗauka yawan rumbu shi kaɗai ya isa: akwai tsofaffin katuna irin GT 730 da ake tallarsu da gigabayit 4, alhali ƙwaƙwalwarsu ba ta iya jan wasan zamani ko kaɗan.

Waɗannan farashi duka na ranar fitowa ne a Amurka. Kafin kati ya iso Ikeja an ɗora masa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa, ga kuma Naira, wadda aka sake ta a Yunin 2023 tana wajen 460 a dala, ta haura 1,500 a cikin 2024.

Sa'an nan ga maganar wuta, wadda masu gwaji na Turai ba su cika damuwa da ita ba. RTX 4060 wat 115 yake sha, RTX 5060 wat 145, tsohon RX 580 wat 185, babban RTX 5090 kuwa wat 575 shi kaɗai, ban da sauran kwamfutar da allo. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A Naira 225 kowane yunit. Mai RTX 5090 in ya yi wasan awa huɗu katinsa ya sha yunit 2.3, mai RTX 4060 kuwa bai kai rabin yunit ba. Wanda ƙaramin janareta ko batirin sola ke riƙe da ɗakinsa, wannan lissafi ya fi masa kowane talla muhimmanci. Kuma akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta ba wurin neman araha ba ne, gama in ya ƙone ba safai yake tafiya shi kaɗai ba.

Saboda tsadar sabo, da yawa sukan koma ga na hannu, kuma ba laifi ba ne, in dai an buɗe ido. A ranar 15 ga Satumba 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙo kuɗi, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Waɗansu lafiyarsu lau, waɗansu fankarsu ta gaji, waɗansu kuma an wanke su an sāke musu takarda. Akwai ma wanda ake kira RX 580 2048SP, wanda aka yi domin kasuwar Sin, wanda in an bincika ƙwaƙwalwarsa daidai take da ta RX 570.

Saboda haka kada kuɗi ya bar aljihu sai an dasa katin a kwamfuta a nan cikin shago. A buɗe manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, a ga ainihin sunan ƙwaƙwalwar da yawan rumbun, a gwada su da abin da ke jikin kwali. A kunna wasa mai nauyi na minti ashirin ko talatin, ana kallon zafinsa, ana sauraren fanka, ana duba ko ɗige-ɗige masu launi za su ɓullo a allo. In mai shago ya ce babu wuta ko babu lokaci, akwai shago na gaba. In kuma ciniki ya faɗa, a rubuta lambar jikin katin a kan rasit, tare da yawan kwanakin da aka yarda za a iya komo da shi.