Sharhi: Halin Da Marasa Matsuguni Ke Ciki A Birnin Doha

Duk wanda ya ratsa unguwar Nu'aija da ke kudancin birnin Doha, ya ga jerin gidaje masu dogayen katangu da katafariyar kasuwar zamanin nan da aka buɗe a shekarar 1997 a bakin titin D-Ring, da wuya ya yarda cewar akwai wani mahaluki a wannan ƙasa da ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa. Katar dai tana cikin ƙasashen da suka fi kowa arziki a duniya idan aka yi la'akari da yawan al'umarta, kuma ba a saba ganin masu kwana a ƙarƙashin gada ba kamar a Legas ko Paris, balle mabarata, tun da yake bara laifi ne a dokar ƙasar. Amma fa matsalar tana nan, sai dai ta ɗauki wani salo dabam, wanda ya sa ba ta fitowa fili.

Kimanin kashi tara cikin goma na mutane wajen miliyan uku da ke zaune a ƙasar baƙi ne. Ga akasarin leburorin da ke cikinsu, ɗakin kwana na kamfani ne, sabunta katin iƙama alhakin kafili ne, kuma da wannan kati ne ake samun katin asibiti da layin waya da asusun banki. Hatta adireshin da dokar 2017 ta wajabta wa kowane mazauni ya yi wa rajista tun daga shekarar 2020, da lambar katin ake shigar da shi. Wato ke nan igiya ɗaya ce ta ɗaure aiki da ɗaki da magani. A ranar da kamfani ya durƙushe, ko kafili ya yi sakaci, ko ya kai ƙarar cewar ma'aikacinsa ya gudu, sai mutum ya wayi gari ya rasa su baki ɗaya, ya koma raɓe a ɗakin abokai, yana gudun ƙofar hukumar da ya kamata ta share masa hawaye saboda tsoron kamu.

Duniya ta ɗan hango wannan hali a watan Oktoban 2022, makonni ƙalilan kafin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya, lokacin da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton yadda aka kwashe ma'aikata 'yan Asiya da Afirka daga wasu benaye a unguwar Mansura. A ɗaya daga cikin gine-ginen, sa'o'i biyu kacal aka ba mazauna su tattara nasu ya nasu, kuma da yawansu a bakin titi suka shimfiɗa katifunsu a wannan dare. Mahukunta sun ce matakin ba shi da nasaba da gasar, kuma an sake wa kowa matsuguni. Ko ma dai mene ne gaskiyar lamarin, tushensa shi ne dokar 2010 da ta haramta sansanonin ma'aikata a unguwannin iyali, wadda ta ture gwagware daga akasarin sassan birnin da suka gina da hannunsu.

Ko shakka babu, Katar ta taka rawar gani a 'yan shekarun nan, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗa. A shekarar 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta buɗe ofishi a Doha, aka kuma kafa asusun biyan ma'aikatan da aka danne wa albashi. A 2020 aka soke sharaɗin neman izinin kafili kafin sauya wurin aiki, sannan daga watan Maris na 2021 aka fara aiki da albashi mafi ƙanƙanta na riyal 1,000, haɗe da riyal 500 na ɗaki da 300 na abinci ga wanda kamfaninsa bai tanadar masa ba. To amma dukkan waɗannan gyare-gyare sun ɗauka cewar mutum yana da ubangida da ake iya tuhuma da kuma katin da bai mutu ba. Wanda ya faɗo ta tsakani, babu wanda ya yi tanadi dominsa.

A nan ne gizo ke saƙar. Abin da ake bukata bai kai kuɗin gina filin wasa ɗaya ba. Wajibi ne ma'aikatar ƙwadago ta riƙa bai wa duk wanda ya shigar da ƙara takardar shaida ta wucin gadi, wadda za a karɓa a asibiti da banki har a kammala shari'arsa. Cibiyoyin lafiya na ma'aikata da ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar ke gudanarwa, kamata ya yi su duba marar lafiya da fasfonsa kawai, ba tare da sunansa ya isa hannun jami'an shige da fice ba, domin jiran ciwo ya yi tsanani har a kai mutum sashen gaggawa na asibitin Hamad ya fi tsada ga kowa. Kazalika gidan jinƙan da aka ƙaddamar a 2019 saboda waɗanda fataucin bil Adama ya rutsa da su, bai isa ba, muddin ba a samar da irinsa ga lebura da aka kora daga ɗaki ba. Uwa-uba kuma a soke tuhumar gudu daga wurin aiki, wadda ta zama sanda a hannun miyagun kafilai. Ai a rumfunan buɗa-baki na watan Ramadan babu mai tambayar kati kafin a miƙa wa mutum dabino, kuma ba a taɓa jin hakan ya kawo wa tsaron ƙasar cikas ba. Ita kanta Nu'aija, kafin zuwan arzikin mai, da rijiyoyinta aka san ta, inda mutanen Doha ke ɗebo ruwan sha.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙasashenmu na yammacin Afirka ba za su wanke hannunsu ba. Matasa da dama daga Nijeriya da Ghana da maƙwabtansu suna sayar da gona ko babur su sayi abin da dillalai ke kira "firi biza", alhali kuwa babu wata biza mai wannan suna a dokar Katar. Kafili ne na takarda kawai, ba aiki, ba ɗaki, kuma irin waɗannan matasa suna cikin waɗanda suka fi saurin rasa matsuguni. Lokacin da Katar ta yi afuwa ga masu matattun takardu daga Oktoban 2021 zuwa Afrilun 2022, dama ce ta samu ga ofisoshin jakadanci su san adadin 'yan ƙasarsu da ke cikin wannan ƙangi. Tilas ne gwamnatocinmu su bi sawun dillalan da ke karɓar kuɗi a gida, sa'annan su nemi Doha ta ba wa jakadunsu ikon karɓar ɗan ƙasarsu da aka kora daga masauki kafin ya faɗa hannun 'yan sanda.