Lissafin Google Da Shirun Ƙasar Kebbe

Wannan bayani ne a kan wani lissafi da samari masu waya su ke nuna wa iyayensu 'yan kasuwa a Tambuwal da kewayenta, su ce ga abin da jama'a su ke nema, a saro shi. Lissafin na kamfanin Google ne na ƙasar Amurka, sunansa Google Trends, an fito da shi a shekarar 2006. Kamfanin ya kan ɗebi wani kaso daga tambayoyin da mutane su ke rubuta masa ta intanet, ya ƙidaya, sa'an nan ya zana taswirar Nijeriya jiha jiha. Inda a ka yawaita tambayar wata kalma ya rina wurin da shuɗi mai duhu, inda ba a yawaita ba ya bar shi fari-fari. Abin gwanin kyau ga ido, amma wanda zai zuba jarinsa a kansa lalle ya fara sanin abin da a ka auna.

Lambar da a ke gani, daga 0 zuwa 100, ba adadin mutane ba ce. Ana duba tambayoyin kowace jiha ne gaba ɗaya, a ga kashi nawa kalmar ta ci a cikinsu, jihar da kasonta ya fi girma a ba ta 100. A ƙaddara, don misali kawai, mutanen Ikko sun yi tambaya miliyan ɗaya, dubu daga ciki a kan takin zamani, mutanen Sakkwato kuwa sun yi dubu goma, hamsin a kan takin. To, Sakkwato za a ba 100, Ikko ta tashi da 20, alhali kuwa masu tambayar Ikko sun ninka na Sakkwato sau ashirin. Ɗan kasuwar da bai san wannan ba ya yi kamar wanda ya auna gero da tiyar wani gari, ya yi ciniki da kuɗin tiyar garinsu.

Sa'an nan kalma ɗaya ta kan ɗauki ma'ana biyu. Tambuwal gari ne a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, kuma sunan Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ne, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya yi Gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023. Mutumin Fatakwal da ya rubuta sunan nan a Mayun 2022, sa'ad da Gwamnan ya janye wa Atiku Abubakar a zaɓen fid da gwani na PDP, ba kasuwar Tambuwal ya ke nema ba. Na Kebbe ya fi wannan rikici, domin harafi ɗaya ne tsakaninta da Kebbi, jihar da a ka yanka daga Sakkwato a 1991, ga shi kuma sun yi iyaka. Mai rubutu ya kuskure, na'ura ta gyara masa yadda ta ga dama, tambayar ƙaramar hukuma ta faɗa cikin lissafin jiha guda.

Amma babbar matsalar ita ce waɗanda ba a ƙidaya ba sam. Jihar Sakkwato ƙananan hukumomi 23 gare ta, taswira kuwa launi ɗaya ta shafa musu duka. Galibin masu rubuta tambaya da boko ko Turanci suna inda makarantu da ofisoshi da wutar lantarki su ke, watau cikin birni, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ma'aikata da makamantansu. Manomin Kuchi ko Ungushi in tsutsa ta kama masa dawa, maƙwabcinsa ya ke tambaya, ko mai sayar da magani ranar kasuwa, ko ya saurari rediyo. In yana da babbar waya ma, muryarsa ya ke aikawa ta WhatsApp, wannan kuwa ba ya shiga lissafin. Malamin da ya shekara arba'in yana rubutu da ajami, yana riƙe da bashin abokan cinikinsa a takarda ba kuskure ko na kwabo, shi ma taswirar ba ta san da zamansa ba. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa kalmar da masu tambayarta ba su da yawa ya kan rubuta mata 0. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma fa sai an san abin da ya sa mai shirun ya yi shiru. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara, maƙwabciyar Kebbe ta gabas, an kuma rufe a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato saboda 'yan bindiga. Mai duba lissafin watannin nan ba zai ga tambayoyin mutanen wuraren ba a daidai lokacin da wahalarsu ta fi tsanani. In mai rabon magani ko taki ko kayan agaji ya bi taswira, ashe wanda ya fi bukata shi zai fara tsallakewa.

Kada a ce ƙarancin ilmi ne ya ke kawo ruɗun nan, domin masu abin ma sun ruɗu. A 2008 Google ya fito da wani shiri na gane yaɗuwar mura daga yawan masu tambaya a kanta. Da farko a ka yi ta yabonsa. A hunturun 2012 zuwa 2013 sai ya faɗi adadin da ya kai wajen ninki biyu na abin da hukumar lafiyar Amurka ta tattara daga likitoci. Cikin dalilan da a ka kawo har da cewa jaridu sun yawaita maganar mura, lafiyayyu su ka tsorata su ka dinga tambaya. A 2015 a ka daina buga lissafin. Wannan kuwa a ƙasar da galibin gidaje su ke da intanet ne, balle ƙasar Kebbe.

Duk da haka ba a ce a yar da shi ba. Yana da amfani in an gwada jiha ɗaya da kanta, bara da bana, kaka da bazara, domin masu tambayar kusan su ne dai, kuskuren jiya shi ne na yau. Mai sayar da wayoyi ko littattafan jarrabawa a birnin Sakkwato ya iya ƙaruwa da shi, tun da abokan cinikinsa su ne masu rubutun. Shi ma ya gwada kalmar da Hausa, ya sake gwada ta da Turanci, zai ga taswira biyu ba su cika dacewa ba. Amma mai albasa da mai shinkafa da mai awaki, labarin da direba ya kawo daga kasuwar Aliero ko ta Jega da yamma, da faɗin nawa a ka sayar da buhu da wanda ya saya, ya fi shuɗin taswira kusa da kayan da ke cikin rumfarsa.