A Auna Tangaran ɗin da ake Kawo Mana Kasuwa

Malam Edita,

Duk mai cin kasuwar Lahadi ta Baleyara ya san rumfunan kayan jere: faranti da kofunan tangaran, ja da ruwan ɗorawa, masu ɗaukar ido da araha. Uwayen amare daga Filinge da ƙauyukan Kurfai a nan suke sayayya. Tambayata ita ce: wa ke auna abin da ke cikin wannan launi?

Tun da daɗewa masana'antu na amfani da kadmiyom wajen samar da ja da ruwan ɗorawa, da dalma wajen sa tangaran sheƙi. Kadmiyom na lalata ƙoda, dalma kuwa na daƙushe ƙwaƙwalwar yaro. Idan gashin tangaran bai yi kyau ba, abu mai tsami kamar kunun tsamiya ko lemo yana iya jiƙo gubar ya zubo ta cikin abinci. Ban ce kowane kwano haka yake ba, amma ido ba ya bambancewa. Mun dai ji abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can ta hanyar haƙar zinariya ce.

Abin takaicin shi ne masana sun riga sun samo mafita. A shekarar 2000, Martin Jansen da abokin aikinsa a Jamus sun bayyana a mujallar Nature wani sinadarin tangaran, oksinaitaraid, wanda launinsa ke tashi daga ruwan ɗorawa zuwa ja gwargwadon yadda aka daidaita oksijin da naitirojin a cikinsa, ba tare da kadmiyom ba. Sai dai akwai tantalom a ciki, ƙarfe mai tsadar gaske. Wanda ke ƙera farantin jaka guda ba zai kalle shi ba.

A can, in suna gwaji da sinadari mai guba, sai sun rufe hanci da hannu a ɗaki na musamman. Mu kuwa jikokinmu ke lashe kwano.

Ina roƙon ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa, LANSPEX, da sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai su ɗebi samfuri daga kasuwarmu, Yamai ba nisa, su auna, su faɗi sakamakon a rediyo da Hausa da Zabarmanci. Kafin nan, iyayenmu mata, kwanon da fentinsa ya fara ɓarewa a daina zuba wa yara abin tsami a ciki.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Baleyara.