Tsohon Kare Ma Yana Buƙatar Likita

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan karnukan gadi da na farauta da tsufa ya cim musu. Kare ya yi shekara da shekaru yana tsaron gida ko garke, amma da ƙarfinsa ya ƙare sai a bar shi yana bin bola. Abin yana ci mini rai.

Daga wajen shekara 7 kare yake fara manyanta. Sai ka ga yana ɗingishi don ciwon gaɓoɓi, haƙora sun ruɓe har ya kasa tauna ƙashi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yawan shan ruwa da fitsari, domin sau da yawa alamar ciwon ƙoda ce ko ciwon suga, kuma sai an gwada jini da fitsari ake ganewa. Don Allah kada a ba shi maganin ibuprofen don ciwon gaɓoɓin, yana lalata masa ciki da ƙoda.

A riƙa kai shi asibitin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello, sau biyu a shekara, kuma kada a daina yi masa allurar rigakafin haukan kare wai don ya tsufa.

Naka mai karatu,
daga Zariya