Husufin rana na 2027: akwai aikin da masu rediyo za su iya yi

Waɗanda suka ga husufin ranar Laraba 29 ga watan Maris na 2006 ba su manta ba. Inuwar wata ta ratso Gana, Togo, Benin, Najeriya da Nijar, ta wuce iyakar Cadi da Libiya inda duhu ya kai minti 4 da daƙiƙa 7. Jama'a sun yi sallar husufi, yara sun yi ta ihu. Mu ma'aikatan rediyo kuwa, bakin titi muka fita da makirfo, muka bar babban labarin cikin akwatin rediyonmu.

Ga dalili. Tsakanin kilomita 60 zuwa 90 sama da ƙasa akwai wani shimfiɗi na iska da masana ke kira D. Hasken rana ne ke samar da shi, shi kuma yana shanye muryoyin matsakaicin zango. Rana na faɗuwa sai ya watse, shi ya sa da dare mutumin ƙauye ke kama tashoshin nesa waɗanda ba ya ji da hantsi. Husufi dare ne na ƴan mintoci, ana kuma sanin lokacinsa tun shekaru kafin ya zo. FM ɗinmu wannan bai shafe ta ba, amma gajeren zango da matsakaici, waɗanda makiyaya da matafiya ke dogaro da su, suna jin sa.

Wasu sun riga mu. A husufin 11 ga Agusta 1999, masana a Ingila sun roƙi jama'a su murɗa rediyo kan 639 kHz, tashar La Coruña ta Sifen, kuma da rana tsaka muryar ta fito. A 2024 hukumar NASA ta harba roka 3 domin auna wannan iskar.

Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 husufi zai bi ta Aljeriya, Libiya da Masar, ya wuce minti 6 kusa da Luksor, ya isa Makka. Mu nan rabi-rabi za mu gan shi, amma muryoyin da ke zo mana daga arewa da gabas ta cikin inuwar za su biyo. Aikin bai buƙatar roka: rediyo, agogo, da takardar rubuta ƙarfin murya minti bayan minti. Muna ganin ya kamata jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ta zaɓi zangon da za a saurara tun yanzu, ta raba wa gidajen rediyon karkara.