Shin Kasuwar Hannun Jari Tana da Kaka da Damina?

Kowane ɗalibi ya san gero yana araha da kaka, ya yi tsada da damina, kuma dalilin a fili yake. Masana tattalin arziki sun daɗe suna neman irin wannan tsari a kasuwannin hannun jari, har da na ƙasashe masu tasowa. A shekarar 2002, Bouman da Jacobsen suka nazarci ƙasashe 37, suka tarar a 36 daga cikinsu ribar Nuwamba zuwa Afrilu ta ɗara ta Mayu zuwa Oktoba. A 2012 kuma, Bialkowski da abokan aikinsa suka duba ƙasashe 14 masu rinjayen Musulmi, daga 1989 zuwa 2007, suka ga riba ta fi yawa a watan Ramadan, hawa da saukar farashi sun ragu.

A ganina, bai kamata mai karatu ya yi saurin gaskata wannan ba. A ilimin halittu ba mu amincewa da tsarin lokaci sai an nuna abin da ke haddasa shi. Alal misali, yawancin dawarmu ta gargajiya ba ta fid da kai sai yini ya fara gajarcewa. A 1920 Garner da Allard suka tabbatar da irin wannan ɗabi'a a Amurka: suka riƙa shigar da taba da waken soya ɗaki mai duhu don rage musu hasken rana, tsirran suka yi fure kafin lokacinsu. Wa zai iya shigar da kasuwa ɗaki mai duhu? Ana cewa natsuwar masu azumi ce ke ɗaga farashi, amma wannan hasashe ne.

Duk da haka, binciken Ramadan ya fi burge ni. Watan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka da wuya a rikita tasirinsa da na sanyi ko na rufe lissafin shekara. Sai dai yana bukatar shekara 33 kafin ya zagayo, binciken kuwa shekara 19 kacal ya ƙunsa.

Bugu da ƙari, dawa ba ta karanta mujalla, amma masu zuba jari suna karantawa. Da zarar an san watan riba, sai kowa ya riga saye, ribar ta zaizaye. McLean da Pontiff sun nuna a 2016 cewa dabaru 97 na hasashen riba a kasuwar Amurka sun rasa kashi 58 cikin 100 na ribarsu bayan an wallafa su.

Malamin da ke shirin zuba ajiyarsa bisa kalanda ya tuna da kasuwar Legas. A 2008 ta faɗi da sama da kashi 40 cikin 100, sa'an nan a Janairun 2009, tsakiyar watannin da ake kira na riba, ta sake zubar da kusan kashi 30.